Daga Titin Hongdae: Rawar Samarin K-pop da Masu Ɗinka Musu Kaya

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da yamma. Ku yi haƙuri da hayaniyar da kuke ji a bayana, yau a titi muke. Nan Hongdae ne, unguwar da ke kusa da Jami'ar Hongik a birnin Seoul. Idan ka sauka daga jirgin ƙarƙashin ƙasa ka fito ta ƙofa ta 9, ka ɗan taka kaɗan, za ka iske wannan layin inda matasa ke kafa lasifika da yamma su yi ta rawa har dare. Bari in juya muku kyamarar.

Kun ga waɗannan samarin? Ba mawaƙa ba ne, babu kamfanin da ya ɗauke su. Rawar wata ƙungiya suka haddace daga bidiyo, suka zo suna maimaita ta a gaban jama'a. To ina so ku bar kallon fuskokinsu, ku kalli ƙafafu. Yanzu mai jar hula ne a tsakiya. Ku saurara, muryar da ke cikin waƙar za ta canza. Yauwa! Kun ga ya zame baya, na gefen hagu ya shigo gaba, sauran sun buɗe masa hanya ba wanda ya taɓa wani. Duk wanda baitinsa ya zo, shi ne zai tsaya inda idon kyamara yake, kuma dole ya iso wurin a daidai bugun kiɗan, yana rawa, ba da gudu ba. Wannan shige da ficen shi ne ƙashin bayan bidiyon samarin K-pop, wato waƙoƙin zamani na Koriya ta Kudu. An gina rawar ne domin kyamara tun daga tushe, kayan da suka sa kuma an ɗinka su ne domin rawar.

Abin bai faro jiya ba. A 1992 wasu samari uku da ake kira Seo Taiji and Boys suka fito a talabijin da salon kiɗa da rawar titi irin na Amurka, matasan Koriya suka rungume su. Ɗaya daga cikinsu, Yang Hyun-suk, shi ne daga baya ya kafa kamfanin waƙa na YG. A 1996 kamfanin SM ya fito da H.O.T., kuma daga nan tsarin ya kafu: a ɗauki yaro, a yi shekaru ana koya masa waƙa da rawa da yadda ake tsayuwa a gaban kyamara, kafin duniya ta taɓa jin sunansa.

Idan mutum ya ce min bidiyo ɗaya kawai zai kalla don ya gane abin da nake nufi, sai in ce masa ya nemi "Growl" na EXO, wanda ya fito a 2013. Babu mota, babu jirgi, babu wuta tana tashi. Wani fili ne kamar sito, hasken ma bai cika ba, samari goma sha biyu cikin kaya masu kama da na 'yan makaranta. Abin da ya sa ake maganarsa har yau shi ne an shirya shi ya zama kamar ɗauka guda, babu yanka. Kyamara na zagayawa, shida na rawa a gabanta, ta juya sai ta iske sauran shidan sun riga sun jeru suna jiranta. Mai riƙe da kyamarar shi ma sai da ya haddace takunsa, domin in ya makara da daƙiƙa ɗaya komai ya rushe, sai a koma farko. Nick Bass ne ya tsara rawar. Kundin da waƙar ta fito a ciki ya haura kwafi miliyan 1, abin da aka yi shekara 12 ba a gani ba a Koriya.

Amma ni, gaskiya, ba babban bidiyon nake fara nema ba idan sabuwar waƙa ta fito. Kusan kowace ƙungiya tana sakin wani bidiyo na daban daga ɗakin atisaye: farin bango, madubi, kyamara a kafe wuri ɗaya, kowa da rigar shan iska da takalmin gudu. A nan babu inda mutum zai ɓuya. Za ka ji ƙarar takalma a kan katako, ƙafa ashirin da shida suna sauka kamar ƙafar mutum ɗaya. SEVENTEEN nake nufi, su goma sha uku ne, kamfanin Pledis ya fito da su a 2015. Sun kasu gida uku, masu rap, masu rera waƙa, da masu rawa, kuma shugaban masu rawar, Hoshi, da hannunsa a tsara raye-rayensu da yawa. Yawan nan nasu yana da amfani: mutum ɗaya a tsakiya, shida dama, shida hagu, sai su yi fure, su yi igiyar ruwa, su yi layin da ke faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Koriyawa na kiran irin wannan daidaiton kalgunmu, rawa mai kaifin wuƙa, kuma samarin ƙungiyar INFINITE ne suka yi suna da shi tun wajen 2011. Har tsayin da hannu zai kai da inda ɗan yatsa zai nuna sai an daidaita a gaban madubi. A bidiyon "Super" na 2023, SEVENTEEN sun ƙara da masu rawa sama da 200 a bayansu, kuma duk da haka idonka bai ɓata, ka san inda ake so ka kalla.

Sai kuma ɗan guntun da ake saka wa a amshi, motsi mai sauƙi da ko yaro zai iya kwaikwaya. Yanzu da TikTok ya zo, wannan guntun har ya fara rinjayar sauran rawar, ana matse shi daga ƙugu zuwa sama don ya shiga allon waya a tsaye. Ban cika son hakan ba. Rawar ƙafafu ce ke yin asara.

Bari in matsa gefe, an cika a nan.

To, maganar kaya. A shagon ɗinki na tashi, mahaifina tela ne, don haka duk inda na ga riga, hammata nake fara dubawa. Ku ɗauki kwat ɗin da kuke zuwa ɗaurin aure ko ofis da shi, ku ɗaga hannu sama da ƙarfi. Kafaɗa za ta hau har kunne, gindin rigar ya tashi, in ba a yi sa'a ba ɗinkin ya ɓalle. Mawaƙan K-pop suna yin haka sau ba adadi cikin minti uku, suna durƙusawa, suna birgima a ƙasa, kwat ɗin na zaune daram. Ba haka aka sayo shi ba. Masu shirya musu kaya sai sun farke, sun ƙara ƙyalle a hammata da tsakanin ƙafafu, sun sa roba inda ake buƙatar ta, sun kama riga da wando ta ciki, sannan sun bar wurin da za a ɓoye ɗan akwatin makirufo a baya. Ku dubi yaron can mai farar riga. Rawarsa ba laifi, amma tun baiti na farko rigar ta fito daga wando tana lilo, ta ɓata masa layin jiki. Bambancin da ke tsakaninsa da wanda yake kwaikwaya a wannan wurin aikin allura da zare ne.

Wani lokacin kuma da gangan ake barin ƙyallen ya yi lilo. A "Blood Sweat & Tears" na BTS, 2016, sun sa riguna masu santsi irin na siliki, sakakku. Jiki zai tsaya cak a kan bugun kiɗa, rigar kuma ta ci gaba da tafiya na ɗan lokaci kafin ta kwanta. Da wani yadi mai tauri aka yi amfani, da rawar ta fito a bushe. VIXX kuwa a "Shangri-La", 2017, mafici suka riƙe, irin mai naɗewa, buɗe shi da rufe shi ya zama wani ɓangare na kiɗan kansa. Haka rina gashi. Ana yi masa kallon gayu kawai, alhali yana da aiki: mutum bakwai ko goma sha uku na musayar wuri da sauri, baƙon da bai san kowa ba zai riƙe "mai shuɗin gashi" kafin ya riƙe suna. Shi ya sa za ka ga launin kayan ɗaya ne, amma wannan an ba shi doguwar riga, wancan an yanke masa hannu, wani an ɗaura masa bel a ƙirji.

Yanzu ga wanda ya fi taɓa ni. A watan Agusta na 2018 BTS suka saki "IDOL". Ina buɗewa sai ga su cikin kwat da wando na atamfa. Atamfa dai tamu, irin wadda za ka gani jibge a Kantin Kwari, masu manyan zane, ruwan ɗorawa da ja da kore, wasu har da ɗauri a ka. A cikin rawar kuma suka saka gwara gwara ta Afirka ta Kudu, wadda DJ Bongz ya yi suna da ita, inda ake lanƙwasa gwiwa ana juya hannu kamar mai tuƙa tuwo. Can gaba sai suka koma hanbok, tufafin gargajiyar Koriya, a cikin rumfa mai rufin gargajiya, suna kiran kalmomin da masu kiɗan gargajiyarsu ke yi don ƙara wa mawaƙi ƙaimi. A bikin ba da kyaututtukan waƙa na Melon na ƙarshen shekarar ma sun buɗe waƙar da J-Hope a tsakiyar ganguna uku, Jimin da rawar mafici, Jungkook da rawar da ake yi da abin rufe fuska.

An yi ta muhawara a lokacin, wasu na cewa girmamawa ce, wasu na cewa ɗauka ce ba sallama. Ni na ji daɗin ganin yadin, ba zan ɓoye ba, kuma ɗinkin ya yi kyau. Ita kanta atamfar ai 'yar tafiya ce: daga batik, rinannen yadin Indunisiya, Turawan Holan suka kwaikwayo ta, kamfanin Vlisco na buga ta tun ƙarni na 19, matan Afirka ta Yamma suka karɓe ta suka ba zanukan suna da daraja har ta zama tasu. Ba na jin haushin ta isa Seoul. Abin da ke damuna shi ne ɓangaren Koriya na bidiyon kowa ya san sunan komai, an yi bayani dalla-dalla, ɓangarenmu kuwa masu kallo da yawa a nan "kaya masu launi" kawai suka gani. Na sa rigar atamfa zuwa aji, wata abokiyar karatuna ta ce ai irin kayan BTS ne. Da kyakkyawar zuciya ta faɗa. Na zauna na nuna mata hotunan biki daga gida, ta yi ta mamakin yadda kowace mace da irin ɗinkinta.

Na san akwai masu cewa samarin nan sun cika kwalliya. Eh, suna shafa hoda, ana zana musu ido, ana ɗan sa musu launi a leɓe. Wani ɓangare saboda fitilun ɗaukar hoto ne, waɗanda ke wanke fuska ta zama fayau in ba a yi hakan ba. Wani ɓangaren kuma abin da ake gani kyau ne ga namiji a nan, shagunan kayan shafa ma suna da sashen maza. Ba dole ya burge ka ba, kowa da inda ya tashi. Amma wanda ya ga dattijo ya rangaɗa kwalli ranar Juma'a ya san gyaran ido bai taɓa rage wa namiji komai ba. Kuma waɗannan ɗin dai su ne ke aske kai ƙwal su tafi aikin soja na wata 18 idan lokacinsu ya yi. Jin na BTS ya shiga a Disambar 2022.

Akwai mutanen da nake so in ambata kafin in tashi, su ne masu tsara rawar. Yadda aka saba, kamfani zai aika waƙa ga masu tsarawa da dama, na gida da na waje, kowa ya ɗauki bidiyon tasa ya turo. Sai a tsinci amshi daga wannan, baiti daga wancan, daraktan rawa na kamfanin ya haɗe su, kamar yadda Son Sung-deuk ya daɗe yana yi wa BTS. Rino Nakasone ce ta tsara "Lucifer" na SHINee, Keone Madrid na cikin waɗanda suka yi wa BTS aiki. Mutum nawa ne cikin masu kallo suka san waɗannan sunayen? Wanda ya rubuta waƙa yana samun kasonsa duk lokacin da aka saka ta, kuma sunansa na fitowa a allo a shirye-shiryen talabijin irin su Music Bank da Inkigayo. Mai rawa galibi sau ɗaya ake biyansa, shi ke nan, ko da bidiyon zai yi abin da "Dynamite" na BTS ya yi a 2020, kallo miliyan 101 a kwana ɗaya. A 2024 suka kafa ƙungiyar kare haƙƙin masu tsara rawa, Lia Kim ta makarantar rawa ta 1MILLION ce ta fara shugabantarta, suna neman a riƙa rubuta sunansu kuma a ba su kaso. Ina tare da su ɗari bisa ɗari. Yaran nan da ke zufa a gabana, motsin wani suke yi, kuma ya kamata a san ko wane ne.

Magariba ta gabato, zan kama jirgi zuwa Itaewon in yi salla a babban masallacin Seoul, in samu abin sawa a baki a nan kusa. A bidiyo na gaba zan kai ku kasuwar yadi ta Dongdaemun, inda masu shirya wa mawaƙan nan kaya ke zuwa neman ƙyalle da maɓalli da geza. Zan tambayi farashin yadi ɗaya na irin silikin nan, Baba ya ce lallai in tambayo masa. Sai mun haɗu, a gaida mutanen gida.