Jawabin Maraba Ga Mai Girma Kwamishinan Ilimi Daga Ƙungiyar Iyaye Da Malamai

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Kwamishina, wakilin Mai Martaba Sarki, iyayenmu hakimai da dagatai, malamai da ɗalibai, barkanku da zuwa. Ranka ya daɗe, ba sai mun tsaya lissafa ayyukanka ba, kowa a nan ya shaida. Lale marhabin. Amma tun kafin ka sha ruwa za mu faɗi abin da ke ranmu: malamai muke roƙo.

Ka sauka Katsina ta Korau, ɗakin kara, garin da alƙalami ya riga boko zuwa. Ga Gobarau nan tsaye tun zamanin Sarki Muhammadu Korau. Nan Wali Ɗan Marina da Ɗan Masani suka karantar, suka rubuta. Nan aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922, wadda ta yaye Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa da Sardauna Ahmadu Bello. Sai a 1938 aka ɗauke mana ita zuwa Kaduna, a 1949 aka wuce da ita Zariya, yau ita ce Barewa. Mu aka bar mana ginin, ya zama gidan tarihi. Dattawanmu sun yafe, amma ba su manta ba.

To a irin wannan gari ne yau za ka sami ɗan aji shida ya haddace ma'anar narkewar abinci tsaf, amma ka ce ya bayyana da bakin alƙalaminsa a layi biyar, sai ya hau tauna murfin biro. Canki-canka ya iya. Idan aka zo ɓangaren rubutu na WAEC ko NECO, nan asiri ke tonuwa. An daɗe ana ɗora laifin kan malamin Turanci da na Hausa, kamar su kaɗai Allah ya ɗora wa koyar da rubutu.

Shi ya sa malamanmu suka sauya salo. Kowane darasi, ko na lissafi ne, ana ware mintunan ƙarshe a rufe littafi, kowa ya rubuta abin da ya gane. Malamin kimiyyar noma ya tura yara lambun bayan gari, suka dawo da bayanin yadda ake dashen albasa. A ajin lissafi ba a karɓar amsa tsirara, sai yaro ya rubuta ta inda ya bi. Wata yarinya da ba a taɓa jin muryarta a aji ba ta cika shafi biyu kan dalilin da ruwan randa ke sanyi. Malamarta tana nan, ta adana takardar.

Sai dai rubutun da ba a duba ba, shuka ce a idon makwarwa. Azuzuwa sun cika maƙil, malaman da suka yi ritaya ba a maye gurbinsu ba. Malamin sinadarai shi kaɗai ne, buhun littattafai yake ɗaurawa a babur ya kai gida, yana maki da fitilar waya har dare ya raba.

Akwai rufin ɗakin karatu da iska ta yaye, akwai ƙarancin littattafan rubutu ga marayu, da bitar horas da malamai. Duk suna cikin takardar da za mu miƙa maka. Amma ranka ya daɗe, in ɗaya za a yi mana, to malamai. Ko da uku ne: sinadarai, lissafi da Hausa, kafin zangon karatu mai zuwa.

Allah ya ƙara girma, ya mai da kai gida lafiya.

Shugaban Kwamitin Tarba, a madadin iyaye da malamai