Jawabin Maraba ga Wakilin Kwamitin Zartarwa na SDF a Garwa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe babban baƙonmu, wakilin kwamitin zartarwa na ƙasa, da 'yan rakiyarka. Dattawan jam'iyya, iyayenmu mata, matasa 'yan acaba da suka yi maka jerin gwano tun daga gadar Binuwai. 'Yan'uwanmu Musulmi da Kirista da suka cika wannan rumfa. A madadin 'yan SDF (Social Democratic Front), jam'iyyar adawa a Kamaru, na Garwa da kewaye, ina cewa lale marhabin, sannu da zuwa, ko kuma kamar yadda masu garin ke faɗa da Fulatanci, jaɓɓaama.

Mun ji ba jirgin sama ka hau ba. Jirgin ƙasa ka kwana a ciki daga Yawunde zuwa Gaundare, sannan ka shiga mota ka gangaro. To ka rage mana aiki, domin da an sa ni in yi maka bayanin halin da hanyar Gaundare zuwa Garwa take ciki, amma yanzu bayanka ya riga ya yi maka. Ga kuma zafin Garwa da ya tare ka, shi ma gaisuwa ce irin tamu. Allah ya huce gajiya.

Dattawa sun zauna kafin ka iso, suka ce kada in tsaya a kirari. Suka ce baƙon da ya sha wannan tafiya ya cancanci a gaya masa gaskiya, kuma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Saboda haka ka yi haƙuri da abin da zai biyo baya, saƙo ne aka ɗora mini.

Akwai masu furfura a nan da suke da katin jam'iyya tun farkon shekarun 1990. Sun tuna ranar 26 ga Mayu 1990, da marigayi Ni John Fru Ndi, mai sayar da littattafai, ya ƙaddamar da SDF a Bamenda alhali gwamnati ta hana, aka kashe mutum 6 a ranar. Sun tuna zaɓen Oktoba 1992, wanda har gobe muke cewa mu muka ci. Alƙaluman da aka sanar sun ba shugaban ƙasa Paul Biya kusan kashi 40 cikin ɗari, Fru Ndi kusan 36, Bello Buba Maigari na jam'iyyar UNDP kuma 19. Yara ma sun iya wannan lissafi: 36 da 19 sun fi 40 nesa ba kusa ba. Zaɓen shugaban ƙasa a Kamaru zagaye ɗaya ne, wanda ya ɗara kowa ko da ƙuri'a ɗaya shi ke ɗauka. Ƙuri'ar Arewa da ta SDF ba su haɗu a akwati ɗaya ba a waccan shekarar, kuma har yau ba su haɗu ba.

Daga nan sai gangara. A 1997 muna da kujeru 43 cikin 180 na majalisar dokoki. A 2002 suka koma 22, a 2013 muna da 18, a 2020 aka wayi gari da 5. A zaɓen shugaban ƙasa Fru Ndi ya samu kashi 17 a 2004, ya samu kusan 11 a 2011. Shugabanmu na yanzu, Joshua Osih, ya samu kashi 3 da 'yan kai a 2018, sannan a zaɓen 12 ga Oktoba 2025 bai kai 2 ba.

Na san amsar da za a bayar, kuma gaskiya ce. Akwai maguɗi. Akwai kuɗin gwamnati da motocin gwamnati da ake yi wa jam'iyya mai mulki kamfe da su. Sama da duka akwai yaƙin da ya ɓarke a yankunan masu Turancin Ingilishi bayan rikicin 2016, wanda ya cinye gidan SDF na asali. Mutanen da suke ba mu ƙuri'a a Bamenda da Kumbo da Kumba sun watse, wasu suna daji, wasu suna Duwala, wasu suna gudun hijira a Najeriya, waɗanda suka rage kuma 'yan aware sun hana su fita ranar zaɓe. Shi kansa Fru Ndi sau biyu aka sace shi a 2019. Babu mai hankalin da zai raina wannan.

Amma ranka ya daɗe, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma namu bangon mu muka riƙa tsaga shi. Ko ɗan jam'iyyar da bai taɓa buɗe kundin tsarinta ba ya san sashe na 8.2, sashen kora. Da shi muka sallami mutane tun shekarun 1990. A 2004, da gamayyar 'yan adawa ta tsayar da Adamu Ndam Njoya, mu muka fice muka tsaya mu kaɗai. A 2006 rigimar ɓangaren Bernard Muna ta kai ga babban taro biyu, ɗaya a Bamenda ɗaya a Yawunde, har aka rasa ran Grégoire Diboulé. A 2023, watanni kaɗan kafin rasuwar Fru Ndi, aka kori Jean-Michel Nintcheu, ɗan majalisa daga Duwala, tare da mutanen da ake kira G27. Su suna cewa shugabanci ya yi kusa da gwamnati fiye da kima. Shugabanci yana cewa su ne suka zama 'yan amshin shatan Maurice Kamto na jam'iyyar adawa ta MRC a cikin gida. Ni ban zo yanke wannan shari'a ba. Abin da na sani shi ne duk wanda aka kora ba ya tafiya shi kaɗai. Yana tafiya da unguwarsa, da matan da ke yi masa guɗa, da yaran da ke liƙa masa fosta. Takardar kora shafi ɗaya ce, ana buga ta a Yawunde ko Bamenda cikin yini guda, mu kuma a nan sai mu shekara muna amsa tambaya a majalisar shayi: wai ku da ba ku iya zama da junanku ba, yaya za ku riƙe ƙasa?

Bari in zo kan Arewa, domin nan ne nauyin saƙon yake.

An daɗe ana gaya mana cewa Arewa rumbun ƙuri'ar jam'iyya mai mulki ce, talakan nan sai abin da lamiɗo da jauro suka ce. Zaɓen 2025 ya ƙaryata wannan. Isa Ciroma Bakari, ɗan garin nan, ya ajiye kujerar minista a watan Yuni, wata huɗu bayan nan alƙaluman hukuma da kansu suka ba shi kashi 35, Biya kuma kusan 54. Mun ga yadda matasa suka kwana a rumfunan zaɓe, ana ƙirga ƙuri'a suna haska allo da fitilar waya, kowa na ɗaukar hoton sakamakon kafin a goge alli. Mun kuma ga abin da ya biyo baya a titunan Garwa, da rayukan da aka rasa, Allah ya jiƙansu. Waɗannan yaran suna neman canji ido rufe. Kuma abin da suke kuka a kai, rashin aiki, tsadar shinkafa da mai, wutar da ake ɗaukewa alhali madatsar Lagdo tana kusa da mu, manomin auduga da bashin taki ke cinye masa kuɗin kaka, duk yana cikin manufofin SDF tun kafin a haife su. Jam'iyyar talaka ce, takenta mulki ga jama'a, ta daɗe tana kiran tsarin tarayya domin kowane yanki ya riƙe wani abu na arzikinsa. Amma da suka tashi neman wanda zai ɗauki kukansu, ba ƙofarmu suka buga ba. Da yawansu kallon jam'iyyar mutanen Bamenda suke yi mana. Wasu ma, wallahi, sai ka fassara musu haruffan uku.

Wannan ba laifin yaran ba ne. Manufofinmu suna cikin Turanci da Faransanci, kasuwar Garwa kuwa da Fulatanci da Hausa take ciniki. Manyanmu kan zo ne idan kamfe ya kama, su yi taro ɗaya su koma filin jirgi. Shi ya sa zuwanka yau, ba a lokacin kamfe ba, ya yi mana daɗi ƙwarai.

Zaɓen 'yan majalisa da na ƙananan hukumomi, wanda ya kamata a yi a 2025 aka ɗaga, shi ne abin da ke gabanmu, kuma shi ne zai nuna ko SDF za ta ci gaba da numfashi. Dokar zaɓe ta ce jam'iyyar da ba ta da zaɓaɓɓe ko ɗaya, a majalisa ko a ƙaramar hukuma, ba ta tsayar da ɗan takarar shugaban ƙasa kai tsaye. MRC ta ƙaurace wa zaɓen 2020, kowa ya ga inda hakan ya kai Kamto a 2025, da aka hana shi tsayawa takara. Mu ma mun ɗanɗana irinta: mun ƙaurace wa zaɓen majalisa na Maris 1992, UNDP ta shiga ta kwashe kujeru 68, jam'iyya mai mulki ta tsaya a 88, ba ta ko kai rabi ba. Da mun shiga, da labarin ƙasar nan ya bambanta. Don haka duk wanda ya zo da zancen ƙaurace wa zaɓe, mu a Garwa ba ma tare da shi.

Ba za mu yi maka ƙaryar cewa za mu ci kujerar magajin gari a Garwa ta ɗaya ko ta biyu ko ta uku ba. Tsakanin RDPC mai mulki da UNDP da FSNC ta Isa Ciroma filin ya cika. Amma tsarin zaɓen kansiloli yana ba jerin da bai zo na ɗaya ba damar samun kujeru idan babu wanda ya haye rabi, kuma a yadda ƙuri'ar Arewa ta rarrabu yanzu, hakan mai yiwuwa ne a wurare da dama. Kansila uku ko huɗu da za su tashi a zauren meri, wato majalisar ƙaramar hukuma, su tambayi inda kuɗin rumfunan kasuwa ya shiga, sun fi mana fosta dubu amfani.

Ga abin da muke roƙo ka kai gaba. A bar mu mu zaɓi 'yan takararmu a nan, kada a aiko mana da suna daga sama. A taimaka da kuɗin ajiya: jaka 50 ne kan kowane ɗan takarar kansila, miliyan ɗaya kan ɗan majalisa, kuma jeri ba ya karɓuwa sai ya cika. Mai dako da mai sayar da ƙosai da muke so su tsaya ba su da wannan kuɗi, ga na takardun haihuwa da na shaidar kotu a kai. A ba mu izini a rubuce mu tattauna da sauran 'yan adawa na yankin nan kan haɗa jeri inda ya dace, ba tare da wani ya ji tsoron 8.2 ba. A horar da wakilan akwati, a ba su abin sayen abinci, domin wakilin da ya yini da yunwa shi ne ke tafiya gida kafin a sa hannu a takardar sakamako.

Na ƙarshe shi ne mafi nauyi, dattawa sun ce in faɗe shi a gaban kowa. A buɗe ƙofa ga waɗanda aka kora da waɗanda suka yi fushi suka tafi. Wanda ya ƙi dawowa shi ya sani, amma a ji cewa an kira shi. Akwai irinsu a nan Garwa, wasunsu ma suna tsaye a bayan rumfar nan, sun ƙi zama a kujera, suna jira su ji bakinka.

Sunayen rassanmu na unguwanni da na waɗanda suka yi rajista da hukumar zaɓe ta ELECAM suna cikin wannan fayil, sakatare zai miƙa maka. Bayan la'asar shugabar mata za ta kai ka babbar kasuwa, 'yan acaba kuma sun nemi ganawa da kai su kaɗai bayan isha'i, mun amsa musu a madadinka. Ranka ya daɗe, ruwa na gabanka, ka sha, sannan ga lasifika.