Bindiga a Gida: Wace Iri, Kuma Wa Harsashin Zai Samu?

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu kallo. Akwai tambayar da ba a yin ta da ƙarfi. Sai an idar da sallar isha, majalisa ta fara watsewa, sannan mutum ya matso kusa ya ce, "Malam, don Allah in mutum zai ajiye ƙarfe a gida, wane iri ya fi?" Na ji ta a Garwa, na ji ta a Ngaundere, kuma galibin masu yin ta 'yan tireda ne da dillalan shanu da masu sayen masara da auduga, mutanen da kowa a gari ya san ranar da kuɗi ke shiga hannunsu. Ban ga laifinsu ba.

Wanda ya girma a arewacin Kamaru ya san zargina, 'yan fashin nan masu tare hanya da suka addabi matafiya a shekarun 1990. Saboda su ne gwamnati ta kafa rundunar sojojin kai ɗaukin gaggawa da ake kira BIR a 2001. Da tare hanya ya yi wuya, sai sana'ar ta canza kama. Suka koma bin mutane har ruga, har gida, su ɗauki maigida ko ɗansa su shige daji, a sayar da garke a biya fansa. Jihar Adamawa ta Kamaru ta sha wannan, haka Mayo-Rey wajen Tuboro, haka ƙetaren iyaka a Cadi, yankin Mayo-Kebbi ta Yamma. Can sama kuma, a jihar Arewa Mai Nisa, tun 2014, mutanen Kolofata da Amchide da Fotokol da Boko Haram suke kwana suke tashi. To wanda ke cikin wannan hali in ya yi tunanin bindiga, ba hauka ya yi ba.

Sai dai yawancin abin da matasanmu suka sani game da bindiga daga bidiyon Amurka suka gani a waya. A can tsarin mulkinsu ne ya ba ɗan ƙasa 'yancin riƙe makami, shi ya sa za ka ga mutum ya jera bindigogi a tebur yana zaɓe kamar mai zaɓen shadda. Nan ba haka ba ne. A Kamaru akwai doka mai lamba 2016/015, ta 14 ga Disamba 2016, wadda ta kasa makamai gida takwas. Kashi na farko makaman yaƙi ne, nan Kalashnikov take, kuma farar hula ba shi da hanyar mallakarta ta halal, ko nawa ne kuɗinsa. In ka ga tana rataye a kafaɗar wanda ba soja ba, ba jandarma ba, ba ɗan sanda ba, to ka san abin da kake kallo. Abin da ya rage wa ni da kai shi ne kashi na huɗu, bindigogin kare kai, da kashi na biyar, na farauta. Su ma sai da izinin ma'aikatar harkokin cikin gida, wadda ake kira MINAT. Za a nemi takardar kotu mai nuna ba a taɓa ɗaure ka ba, a bincika halinka, sannan ka jira. Kuma izinin ba gado ba ne. Bindigar marigayi baba da ke bayan ƙyaure, takardarta da sunansa take, ba da naka ba.

Ko da takarda a hannu ƙofar na iya rufewa. A watan Afrilun 2018 ministan harkokin cikin gida Paul Atanga Nji ya dakatar da sayar da bindigogi da harsasai a jihohi shida, har da Adamawa. Su kuma 'yan'uwanmu na Kusri da ke tsallaka gadar Ngeli zuwa Injamena kullum safiya, su tuna takardar wannan gaɓa ba ta aiki a waccan.

Yanzu mu dubi bindigogin kansu.

Ƙaramar bindiga ta hannu, fistol, ita ce mutane suka fi sha'awa, don tana shiga aljihun babbar riga. Ita ce kuma ta fi wuyar saiti. Bututunta gajere ne, hannu ya ɗan karkace kaɗan harsashi ya tafi wani wuri. Jami'an da ake ba horo ma suna kuskure da ita in rai ya ɓaci, balle mutumin da aka tasa daga barci ƙarfe biyun dare, zuciya na dukan uku-uku. Ƙanƙantar da ta sa ake son ta ita ce ta sa yaro ɗan shekara shida zai iya ɗaga ta.

Doguwar bindiga mai harsashi guda, irin ta farautar manyan namun daji, an yi ta ne don nesa. Harsashinta na iya tafiyar fiye da kilomita. A cikin gari wannan masifa ce. Zai huda ƙofa, ya huda kwano, ya faɗa gidan da ba ka san ma da shi ba.

Saura bindigar farauta mai lamba goma sha biyu, mai baki ɗaya ko biyu, wadda ke watsa ƙananan dalma. In dai za a yi maganar gida, ita ce ta fi kusa da hankali, don sarrafa ta ba wuya, kuma dalmarta na mutuwa da wuri fiye da harsashin doguwa. Amma akwai ƙaryar da ake yi mata, wai ba sai ka saita ba, ka nuna wajen kawai ka danna. Daga ƙofar ɗaki zuwa tsakar gida, dalmar ba ta gama buɗewa ba, faɗinta bai fi tafin hannu ba. Za ka iya kuskure ɓarawo sarai. Abin da ya kuskure shi kuma zai ratsa zana, ya ratsa labule, ya ratsa ƙofar langa-langa kamar takarda.

Ita kuwa adaka, ko harba-ka-ruga, ƙirar maƙera, ba zan ɓata muku lokaci ba. Sau da yawa bututun ba ƙarfen bindiga ba ne, ba a gwada shi ba, kuma ba wanda ya san ranar da zai fashe a fuskar mai shi. Riƙe ta ba izini laifi ne kamar sauran. Sunanta ma ya faɗi gaskiya: harbi ɗaya, sai ƙafa.

Ku dubi wannan zanen da kyau, don nan maganar take. Gidan Bahaushe ne. Ga zaure, ga turakar maigida, ga ɗakin uwargida, ga na amarya, ga ɗakin samari kusa da ƙofa, ga rumfar da yara ke kwana lokacin zafin Maris da Afrilu, sa'adda ɗaki ba ya kwantuwa a Garwa. Duka ƙofofin tsakar gida suke kallo. Yanzu ku tsayar da maigida a bakin turakarsa, ku ja layi zuwa duk inda ɓarawo zai iya tsayawa, sannan ku ci gaba da jan layin bayan ɓarawon. Ina ya ƙare? Kusan kowane layi a ɗakin wani naka yake ƙarewa. Turawan da ke waɗancan bidiyoyi mutum uku ne ko huɗu a gida, kowa ya san inda kowa yake. Mu kuwa mutum ashirin, ga baƙo daga ƙauye, ga almajirin da ke kwana a zaure, ga mai fita kewaye tsakar dare.

Ina yaro na yi hutu gidan kawuna, manomi ne kuma yana taɓa farauta. Wani dare muka ji dirowar mutum daga katanga, ta bayan rumbu. Kawu ya fito da bindiga daga shi sai gajeren wando. Ina leƙe ta ƙasan asabari, ina ganin bakin bindigar na rawa a hasken farin wata, na ji ƙarar ɗana kunama. Sai inna ta ƙwala kira daga ɗaki, sunan babban ɗansu ta kira, ba don ta gan shi ba, don dai ta san halinsa. Daga bayan rumbu aka ce, "Na'am." Kallon bidiyo ya je, ya tarar an kulle zaure. Kawu bai ce uffan ba. Ya zauna a kan turmi, bindigar a cinyarsa, har aka kira assalatu. Abin da na fi tunawa shi ne da safe ya kasa riƙe kofin koko.

Sai maganar shari'a bayan an yi harbin. Sashe na 84 na kundin hukunta laifuffuka na Kamaru ya yarda mutum ya kare kansa da waninsa, da sharaɗi biyu: haɗarin ya kasance a take, kuma abin da ka yi ya yi daidai da girmansa. Wanda ya shigo da makami yana neman ranka daban, yaron da ya saɓi akuya ya juya baya yana gudu daban. In ka harbe na biyun, kai za ka yi bayani gaban alƙali. In bindigar ba ta da takarda, laifi ya zama biyu.

Mu kuma faɗa wa kanmu gaskiya game da masu satar mutane. Ba ɗaya-ɗaya suke zuwa ba. Sukan zo da yawa, da Kalashnikov mai cin harsashi talatin, kuma kafin su zo wani na kusa ya riga ya faɗa musu ɗakin da kake kwana. In ya san kana da bindiga, wannan ma ya faɗa. Ka ga ke nan sun zo a shirye, kuma bindigar ta shiga cikin kayan da suka zo ɗauka. Harbi biyu gare ka kafin ka sake ɗurawa a cikin duhu. A can Amurka ma, wani likita mai suna Arthur Kellermann ya fitar da bincike a 1993 da ya nuna gidan da ke da bindiga ya fi fuskantar kisa a cikinsa kusan ninki uku, kuma yawanci a hannun ɗan gida ko sananne. Ƙasarsu daban, ba na cewa lissafin zai hau kanmu daidai. Amma faɗan gado da na kishi da ɓacin ran dare ɗaya, mu ma muna da su.

Wanda ya riga ya samu izini ya saya, to ga nauyin da ya ɗauka. Bindiga a akwatin ƙarfe mai kwaɗo, ba harsashi a ciki, harsasan a wani wurin daban, mabuɗi a jikinka. Na san abin da za ku ce: in an kulle ta haka, yaushe za a ɗauko ta? Haka ne, kuma ba ni da dabarar da za ta warware wannan. Wadda ke kusa da hannunka tana kusa da hannun ɗanka. Kullum ka ɗauka akwai harsashi a cikinta, kada bakinta ya kalli mutum ko da wasa, yatsa kada ya taɓa kunama sai ka yi niyya, kuma kada ka harbi motsi ko inuwa. Haske tukuna, murya tukuna. A riƙa goge ta da mai, don ƙurar hunturu da laimar damina duk suna cin ƙarfe.

Abin da na ga yana korar ɓarawo tun kafin a kai ga wannan ba shi da tsada haka. Fitilar sola mai kamawa da kanta in an gifta, a kusurwar katanga ta baya, ba a ƙofar gida kaɗai ba. Ƙyauren ƙarfe mai sakata ta ciki. Usur a kowane gida na layi, da yarjejeniya cewa in ɗaya ya busa kowa ya busa. 'Yan kwamitin sintiri, waɗanda a Mayo-Sava da Mayo-Tsanaga suka sha tare 'yan ƙunar baƙin wake da kwari da baka da idon sanin baƙo, wasunsu har suka rasa rayukansu. Lambar jandarma 113, ta 'yan sanda 117, a sa su a wayar uwargida ma, tare da lambar jauro ko lawan na unguwa. Kuɗin shanu kuma kada ya kwana ƙarƙashin katifa, kada kuma a ƙirga shi a tsakiyar kara.

Sai kare. Na san wasu za su ɓata fuska. Amma malamanmu na Malikiyya suna ba da labarin Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, mai Risalar nan da ake karantawa a zaurukanmu. Katangar gidansa ta faɗi a lokacin tsoro, sai ya ajiye kare. Aka ce masa ai Imamu Malik ya karhanta, ya ce da Malik ya riski wannan zamani, da zaki zai ɗaure. Wanda duk da haka ransa bai kwanta ba, ya sayi zabbi biyar ya sake su a bayan gida. Kawuna su ya saya a kasuwar da ta biyo bayan wancan dare, bindigar kuma ya miƙa ta ga jandarmomi.