Darasi: Ina amoniyar tankin kifi take zuwa?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. To yau ga tankin nan a gabana, ku matso ku ga wannan soson da na ciro daga filta, wato matatar ruwan tankin, kun ga yadda ya yi ruwan ƙasa-ƙasa kamar datti ko? Wallahi wannan dattin shi ke riƙe da ran kifayen nan.

Kifi yana fitar da amoniya ne, yawanci ta wajen da yake numfashi a gefen kansa, sannan ga kashinsa, ga ragowar abinci da ya nutse ya ruɓe. Amoniyar kuma guba ce, kuma idan pH ɗin ruwa ya yi sama, wato tsaminsa ya ragu ya karkata wajen kanwa-kanwa, ko ruwan ya ɗau zafi sai dafinta ya ƙaru.

To a jikin soson nan akwai bakteriya da suke zaune, ido ba ya ganinsu. Kashi ɗaya, irinsu Nitrosomonas, su ke mayar da amoniya naitirait, amma fa naitirait ɗin ma guba ce, tana hana jinin kifi ɗaukar oksijin, sai ka ga kifi ya taso sama yana haki alhali ruwa garau. Sai kashi na biyu, Nitrospira, su mayar da ita naitiret, wadda ba ta da haɗari sosai, ita ce muke ragewa da canjin ruwa. Kafin bakteriyar nan su yi yawa a sabon tanki sai an kai sati 4 zuwa 6, shi ya sa nake roƙonku kar ku cika tanki da kifi ranar farko.

Ni da kaina na taɓa wanke soso tas a bakin famfo, ina ganin tsafta na yi, ashe kulorin, sinadarin da ake sa wa ruwan famfo, ya kashe min bakteriyar, kwana biyu na ga kifi na kwance a ƙasa. Yanzu ga yadda nake yi, na ɗebi ruwan tankin a bokiti, na matsa soson a ciki sau biyu uku, shikenan na mayar.

Tsirrai kuwa kai tsaye suke zuƙar amoniyar, sun ma fi sonta da naitiret don ba sai sun wahala wajen sarrafa ta ba. Masu saurin girma da ke yawo a saman ruwa irin kainuwa sun fi ja, Anubias kam, wata shukar cikin tanki, a hankali take. Ganyen da ya mutu dai ku cire shi da wuri, in ya ruɓe amoniyar ce zai dawo da ita.

Bari in ɗiga ruwan gwaji mu gani, amoniya da naitirait duka 0 muke so.