Rawa za ta iya ciyar da mutum a Garwa?

Dubi ƙafar yaron nan da kyau. Ba takalmi, ƙasa siminti ne, kuma ƙarfe shida na safe ne, don a Garwa, arewacin Kamaru, in watan Maris ya kama, zafi yakan haura digiri 40 da rana, ba mai iya tsalle. Tun ɗazu taku ɗaya yake ta maimaitawa: dunduniya, yatsu, juyi, ya sake. Jiya da daddare a gidan biki aka yi ta yi masa liƙi, har wata takardar ɗari biyar ta manne masa a goshi saboda gumi. Masu tafin jiya duk suna barci yanzu.

To ƙanena, kai da ka ce rawa kake so ta zama sana'arka, mu fara da kuɗin liƙin nan. Ba naka ba ne kai kaɗai. Mai kalangu yana da rabo, mai kayan sauti yana da nasa, shugaban ƙungiya ya ɗiba, ka biya mashin da zai mai da kai gida tsakar dare. Kuma biki da lokacinsa. Gab da azumi ana ta ɗaura aure, ko hutu babu. Azumi na kamawa fili ya yi tsit wata guda cur. Don haka ku yi ciniki da mai biki tun kafin ranar, ka karɓi kafin alƙalami ko ta Orange Money ne, wato tura kuɗi ta waya, liƙi ya zama ƙari. Wanda ya dogara ga liƙi kaɗai, ranar da hadari ya watsa taro da yunwa zai kwana.

Akwai wasu ƙofofin. Makarantu kan nemi mai koya wa yara rawa kafin bikin matasa na 11 ga Fabrairu da na ƙasa na 20 ga Mayu. Mawaƙa na neman 'yan rawa a bidiyonsu. Koyarwa ce dai ta fi zama tabbas, ko da ba ta da tafi.

Sai batun horo, kuma a nan nake so ka saurara. Leƙa Alliance Française ta Garwa, cibiyar harshe da al'adun Faransa, ka riƙa duba allon sanarwa. In kana Njamena, cibiyar al'adun Faransa ta can. Daga Ngaundare jirgin ƙasa kwana ɗaya yake yi zuwa Yawunde, inda ƙungiyar rawa ta ƙasa take. Gaba da nan akwai École des Sables a Toubab Dialaw, bakin teku a Senegal, wadda Germaine Acogny ta kafa da mijinta, tun 1998 take horar da 'yan rawa daga ko'ina a Afirka. A Wagadugu kuma akwai cibiyar rawa ta La Termitière, ta 'yan rawa Salia Sanou da Seydou Boro. Irin waɗannan wurare sukan nemi bidiyonka da ɗan tarihin aikinka, kuma da Faransanci za ka rubuta, saboda haka kar ka yar da boko.

Me za ka sa a bidiyon? Mafi yawan yaranmu abin da ke tashe a TikTok suke kwaikwaya. Ba laifi, yana kawo mabiya. Amma wannan takun yara dubu sun iya shi daga Abijan har Kinshasa. Abin da ba su da shi kai kana da shi a ƙofar gida: rawar gurna ta ƙabilun Tupuri da Masa, rawar koroso da kacau-kacau a ƙafa, yadda mai rawa ke amsa kirarin kalangu da kafaɗa. Ita kanta Acogny a kan rawar gargajiya ta gina salonta. Je ka zauna da dattijon da ya iya, ka kai masa goro, ka koya daga tushe.

Kuma ba dole sai a kan dandamali ba. Taigué Ahmed, ɗan Cadi, ya kafa ƙungiyar Ndam Se Na a 2005, ma'ana mu yi rawa tare, yana koyarwa a sansanonin 'yan gudun hijira na kudancin ƙasar, kuma aikin ya kai shi Turai.

Jikinka shi ne jarinka. Simintin nan yana cin gwiwa da idon sawu a hankali. In da hali, yi atisaye a kan yashi ko katako. Ɗumama jiki kafin ka fara. In ka yi targaɗe, huta, kar a ce kai jarumi ne ka koma fili da ɗingishi.

Saura Baba. Zai ce rawa ba sana'ar ɗan mutunci ba ce, wasu kuma su kawo maka hujjar addini, kuma ba da wasa suke ba. Kar ka yi musu. Ka san irin taron da kake zuwa da wanda ba ka zuwa, ka gaya masa ƙarfe nawa za ka dawo, ka kuma dawo a lokacin. Ranar da makaranta ta biya ka kuɗin farko, sayi buhun shinkafa ka ajiye a ƙofar ɗakin Inna.