Lacca: Tutar da ke bayan jirgin ruwa, ta wace ƙasa ce?

Assalamu alaikum. Na baya ku matso, akwai kujeru a gaba. Abubuwa uku zan taɓo a kan dokar tutar jiragen ruwa, in Allah ya yarda.

Na farko, dokar kanta. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan teku, wadda aka sa wa hannu a Jamaika a 1982, ta ce kowane jirgi ƙasa ɗaya gare shi, tuta ɗaya. In ya nausa cikin teku inda ruwan ba na kowa ba ne, dokar ƙasar tutarsa ke binsa. Ba a sauya tuta ana tsakiyar tafiya sai in an sayar da jirgin ko an sake masa rajista. Wanda kuwa ke wasa da tuta biyu, yau wannan gobe waccan, marar ƙasa ake ɗaukarsa, jirgin yaƙin kowace ƙasa na iya tare shi ya bincika.

To, ga inda nake so ku kasa kunne. Sashe na 91 ya ce lallai a sami alaƙa ta gaskiya tsakanin jirgi da ƙasar tutarsa. Alaƙa ta gaskiya! Amma bai fayyace ta ba, ta nan kuwa ɓaraka ta shigo. Tun kafin wannan dokar ma an san hanyar. A 1922, lokacin da haramcin giya ke aiki a Amurka, wasu manyan jiragen fasinja biyu nata suka koma tutar Panama don su ci gaba da sayar wa matafiya. Ga Malam can yana girgiza kai, wallahi haka aka yi. (dariya) Sai Laberiya ta buɗe tata rajistar a 1948, da hannun Edward Stettinius, tsohon sakataren harkokin wajen Amurka. Har yau ofishin da ke gudanar da ita yana jihar Bajiniya a Amurka, ba Monrobiya ba. A 2023 Laberiya ta sha gaban Panama wajen yawan nauyin jiragen da ke ɗauke da tutarta. Me ke jan masu jirage? Haraji kaɗan, da damar ɗaukar ma'aikata masu arha daga ko'ina.

Kun tuna Ever Given da ya toshe mashigin Suwez a Maris na 2021? Mai shi kamfanin Japan, mai haya kamfanin Taiwan, ma'aikata Indiyawa, tuta ta Panama. Wannan da sauƙi. Wanda ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne wani jirgi mai suna Rhosus. Tutar Moldoba gare shi, ya taso daga ƙasar Jojiya a 2013 zai je Mozambik da tan 2,750 na sinadarin da ake takin zamani da nakiya da shi. Ya tsaya a Berut, babban birnin Labanon, aka hana shi fita, mai shi ya yi watsi da shi. Kyaftin da wasu ma'aikata suka kwashe watanni a ciki, ba albashi, abinci na ƙarewa. Ina ƙasar tuta? Ina take, jama'a? Kayan nan da aka sauke a rumbun tashar su suka fashe ranar 4 ga Agusta 2020, mutum fiye da 200 suka rasu.

Na uku, ko na biyu ne muke? To, a gurguje, jirgi in ya shiga tashar wata ƙasa yakan ɗaga ƙaramar tutarta don girmamawa, wannan al'ada ce. A Najeriya hukumar NIMASA ke rajistar jirage, kuma dokar 2003 ta keɓe jigila tsakanin tashoshinmu ga jiragen gida. Na'am, ɗan'uwa mai farar hula?

Mai tambaya: Malam, ni daga Maraɗi nake. Mu da ba mu da teku, tutarmu za ta iya hawa jirgi?

Ƙwarai kuwa, madalla da wannan tambaya. Tun 1921 aka amince da haka a Basalona, sashe na 90 kuma ya nanata. Suwizalan na da jiragen teku masu rajista a birnin Basel. Mongoliya ma na da rajista, daga Singafo ake gudanar da ita. Sai dai Nijar in ta ba da tuta ta ɗauki nauyin sashe na 94 ke nan: duba lafiyar jirgin, cancantar kyaftin, haƙƙin ma'aikata, da bincike in an yi haɗari. Wannan sai da ƙwararrun masu duba jirage da kuɗin biyansu. An ce mini lokacin salla ya yi, sauran tambayoyi sai mun dawo.