Tsohuwar Ledar Kare Fenti: A Gyara Ta Ko A Ɓare Ta?

Hajiya: Assalamu alaikum, masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Tun ranar da aka saka hoton farar motar nan a zaurenmu na WhatsApp, wadda rabin bonet ɗinta ya koma launin ɗorawa kuma ya tsattsage, saƙonni ba su daina shigowa ba. Wasu suna rantsuwa cewa fentin ne ya ƙone, wasu kuma suna cewa a kai ta wurin mai fenti kawai a huta. Injiniya, kai aka fi jefa wa tambayar, don haka kai za ka fara.

Injiniya: Wa alaikumus salam, Hajiya. Fentin bai ƙone ba, kuma duk wanda ya duba hoton da kyau zai ga wani layi ya ratsa bonet ɗin daga gefe zuwa gefe, sama da shi fari tas, ƙasa da shi ɗorawa. Fenti ba ya lalacewa a kan miƙaƙƙen layi. Ledar kare fenti ce, irin wadda masu motoci a Amurka suke mannawa a gaban mota saboda tsakuwar hanya da gishirin da ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara, sai motar ta shigo mana ta Kwatano ko ta Legas da ledar a jikinta, mai saye bai ma san tana nan ba har sai ranar Kano ta tona mata asiri.

Malam: Wato Injiniya, mutumin ya sayi mota da leda a goshi, bai sani ba?

Injiniya: Ƙwarai kuwa, Malam, domin idan tana sabuwa ido ba ya ganinta sai an matso kusa. Asalinta ma ba don mota aka yi ta ba. Kamfanin 3M ne ya ƙirƙiro ta wa sojojin Amurka a zamanin yaƙin Biyetnam, domin yashi da tarkace suna cinye farfelar jirage masu saukar ungulu, daga baya masu tseren motoci suka ɗauka, sannan ta iso ga sauran jama'a. Kaurinta ya kai kusan kashi ɗaya cikin biyar na milimita, wato ta ninka shafin sama mai sheƙi na fentin mota kusan sau huɗu. Manyan kamfanoni irin su 3M da XPEL suna ba da garanti har na shekara 10 a kan ledarsu mai kyau, amma mu motar da ke zuwa hannunmu sau da yawa ta riga ta cinye waɗannan shekarun tun a can, sannan ta zo nan ta tarar da zafin watan Afrilu da ke wuce digiri 40, ga ƙurar hunturu, ga sabulun gari da yaran wankin mota suke dirza ta da shi.

Malam: Ni abin da ya ba ni mamaki shi ne a ce Bahaushe zai yarda ya ɓare leda daga jikin mota da hannunsa. Mu ne fa muke barin ledar kujera shekara guda, direba yana gumi yana santsi a kanta, amma ba za a cire ba, domin kada maƙwabta su ce motar ta tsufa.

Hajiya: Malam, kada ka fara, domin na san inda za ka.

Malam: Ai dole in je, Hajiya. Akwai gidan da rimot ɗin talabijin yake cikin ledarsa tun ranar da aka kawo kayan ɗakin amarya, har lambobin sun goge ta cikin ledar, kuma amaryar yanzu tana shirin aurar da 'yarta. Katifa ma haka, mutum ya kwana yana juyi tana ƙara, baƙo a ɗakin da ke kusa ya kasa barci.

Injiniya: Kuma kada ka manta da rubutun alli da takardar gwanjo da ake bari a gilashin gaba.

Malam: Wannan ai ita ce shaidar digiri ta mota! Idan yaron wanki ya kuskura ya goge ta, ranar ba zai ga kuɗin aikinsa ba. Shi ya sa nake ganin mai farar motar nan ya yi haƙuri, ya ce wa mutane ledar kamfani ce bai cire ba tukuna, darajarta ma ƙaruwa za ta yi a kasuwa.

Hajiya: Har da ledar inuwar gilashi, wadda ake saukewa idan rana ta haske ido, ita ma ba a taɓa ta.

Malam: Kin gani, ke ma kin shigo ciki.

Hajiya: Na shigo kuma na fita. Injiniya, tambayar da ta fi yawa ita ce ko ana iya dawo da ledar yadda take ba tare da an cire ta ba.

Injiniya: Ya danganta da inda lalacewar take. Idan datti ne ya zauna a samanta, ko ƙananan ƙarce, ko tabon kashin tsuntsu, ana iya wanke ta da sabulun mota, a bi ta da folish mai laushi da hannu ko da inji a hankali, ta ɗan farfaɗo. Sababbin ledoji ma suna da wani shafi a sama wanda ƙaramin ƙarce yake ɓacewa da kansa idan aka zuba masa ruwan ɗumi ko rana ta bugi wurin. Amma idan launin ɗorawa ya shiga cikin jikin ledar ko cikin gam ɗin da ke ƙarƙashinta, babu folish ɗin da zai kai can. Idan kuwa ta fara tsagewa, to maganar gyara ta ƙare, kuma kowane wata da aka ƙara ana jinkiri, gam ɗin ƙara bushewa yake yi, ledar kuma tana ƙara zama mai karyewa. Wadda ta yi ɗorawa amma ba ta tsage ba tana iya fita a dunƙule cikin ɗan lokaci, wadda ta tsage kuwa guntu-guntu take fita kamar ɓawon dafaffen ƙwai, bonet ɗaya ya cinye wa mutum yini. Shi ya sa nake cewa lokacin cire ta shi ne sa'ad da launinta ya fara juyawa, tun tana da sauran taushi.

Hajiya: To, yaya ake cirewar?

Injiniya: Da zafi da haƙuri. Tururi ya fi komai, domin yana tausasa ledar da gam ɗin tare, kuma da wuya ya ƙona fenti. Wanda ba shi da injin tururi zai iya amfani da na'urar busar da gashi, ko ya shimfiɗa tawul a wurin ya riƙa zuba ruwan zafi. Mu a nan muna da abin da Turawa suke saye da kuɗi, domin idan ka ajiye mota a rana da azahar, ƙarfen ya yi zafin da ake buƙata. Na'urar hura zafi ta masu gareji tana aiki, amma ita ce ta fi ɓarna, domin idan aka tsayar da ita a wuri ɗaya fenti yana kumbura, bamba kuwa roba ce, tana iya lanƙwashewa. Ƙa'idata ita ce idan tafin hannunka ba zai iya zama a wurin ba, zafin ya yi yawa. Sai ka ɗaga kusurwa da farce ko da rezar roba, ka kama da hannu biyu, ka ja ta ƙasa-ƙasa kusa da jikin motar kana miƙar da ita, domin miƙewar ce take sa gam ɗin ya saki fenti ya biyo ledar. Idan ka fizge ta sama da ƙarfi, ko dai ta yanke, ko ta bar maka gam ɗin gaba ɗaya, ko ta taho da fenti.

Malam: Rezar aski fa? Domin na san ita yaran gareji za su fara ɗaukowa.

Injiniya: Rezar ƙarfe ta gilashi ce, ba ta hawa fenti. Haka ma tina. Da zarar gam ya ƙi fita sai ka ji an ce a kawo tina, alhali aikin tina shi ne narkar da fenti, kuma idan ta taɓa murfin fitila, wanda shi ma roba ne, sai ya yi hazo ko ya tsattsage. Akwai man cire gam da aka yi domin mota, akwai wanda ake yi da ɓawon lemo, kananzir ma yana tausasa gam idan aka jiƙa tsumma aka ɗora na ɗan lokaci, muddin za a wanke wurin da sabulu nan take. Amma wannan aikin a inuwa ake yinsa bayan ƙarfen ya huce, domin a kan ƙarfe mai zafi man yana bushewa kafin ya yi aiki. Ana kuma fara gwadawa a wani lungu da ido ba ya kaiwa.

Hajiya: Ka ambaci tahowa da fenti, kuma wannan shi ne abin da mutane suka fi tsoro.

Injiniya: Nan ne ainihin maganar take, Hajiya, kuma kafin mutum ya taɓa ledar ya kamata ya san wane irin fenti ne a ƙarƙashinta. Fentin kamfani ana gasa shi ne da zafi mai yawa tun motar tana ƙarfe zalla, don haka ya kama sosai, da wuya leda ta ɗaga shi. Fentin da aka sake fesawa a gareji bai sami wannan gashin ba, musamman idan ba a goge ƙasan da kyau ba ko an cika fila, wato ƙullun da ake cike lotsawar jikin mota da shi. Yawancin motocin da ake shigo mana da su daga kamfanonin gwanjon motoci na Amurka, Copart da IAAI, waɗanda suka taɓa yin haɗari ne aka yi musu kwaskwarima, kuma yanzu da aikin manna leda ya shigo Abuja da Legas da Kano, akwai masu fesa fenti yau su manna leda a mako mai zuwa, alhali masu ledar da kansu suna cewa a jira aƙalla wata guda fentin ya gama bushewa. Irin wannan idan ka zo cirewa, fentin yana biyo ledar.

Malam: Yaya mutum zai gane, tunda mai sayarwa ba zai faɗa ba?

Injiniya: Akwai ƙaramar na'urar auna kaurin fenti, wadda idan ka ɗora ta a rufin mota ka ɗora a bonet ka ga kaurin na bonet ya ninka na rufin, ka san an sake fesawa. Idan babu ita, ka duba robar gefen gilashi da bakin fitila ko akwai feshin fenti, ka duba kusoshin da ke riƙe da bonet ko sifana ta taɓa hawa kansu, ka kuma saka lambar shasi a intanet, sau da yawa hotunan gwanjon suna fitowa. Maganaɗisu yana nuna inda fila ya yi kauri, amma a tuna cewa wasu motocin bonet ɗinsu na alminiyam ne, ba zai kama ba ko da lafiyarsa ƙalau. Tsohuwar ledar ma kanta shaida ce ga mai saye: idan ka gan ta a bonet da gefen dama amma babu ita a gefen hagu, to ka tambayi abin da ya sami gefen hagu. Bamba kuwa ko fentin kamfani ne a bi ta a hankali, domin fenti bai kama roba kamar yadda ya kama ƙarfe ba, haka nan duk inda tsakuwa ta riga ta fasa.

Hajiya: Bayan an cire, shi ke nan motar ta dawo daidai?

Injiniya: Ba nan take ba. Fentin da ya shekara 10 a ɓoye zai fito da sheƙinsa, na kusa da shi kuwa ya sha rana ya dushe, don haka layin zai ci gaba da nunawa. Folish na inji a bonet ɗin gaba ɗaya yana rage shi sosai, amma a jar mota, wadda launinta ya fi saurin koɗewa, wani lokaci bambancin ba ya ɓacewa duka.

Hajiya: Mun yi alkawarin za mu yi maganar ko ya dace a manna sabuwa da kuma yadda ake bambanta mai kyau da ta bogi, amma mai ɗaukar sauti yana nuna mini agogo.

Injiniya: A taƙaice, akwai masu araha da ake yi da roba irin ta PVC, waɗanda ba sa jure ranarmu, kuma…

Malam: Ni dai tambayata ɗaya ce, idan an ɓare tsohuwar, ana iya naɗe rimot da ita?

Hajiya: Malam, a rufe masa makirufo. Masu sauraro, wanda zai turo hoton motarsa ya ɗauka da rana kuma ya matso kusa da bakin ledar, domin na dare ba ma ganin komai. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.